Kai iyali maɓuɓɓugar Wikki ko wurin wasan ruwa: amsa ga wani magidanci

Wani magidanci daga Kano ya aiko da tambaya kamar haka: "Ina so in kai iyalina hutu wurin da akwai ruwan ɗumi, amma na rasa zaɓi tsakanin maɓuɓɓugar Wikki da ke Yankari da irin wuraren wasan ruwa na zamani masu zamiya da ake ginawa a manyan birane. Muna da yara uku: babbarsu shekararta 12, mai bi mata 8 kuma tana da sikila, autan kuwa shekararsa 3. Maiɗakina tana da juna biyu na wata huɗu, mahaifiyata kuma tana fama da ciwon gwiwa da hawan jini, har tana sa ran ruwan zai yi mata magani. Wanne ya fi dacewa da mu, kuma me ya kamata in kiyaye?"

Malam, na gode da wannan tambaya, Allah ya raya zuri'a, ya sauki maiɗakinka lafiya, ya ba Hajiya sauƙi. Ni ma'aikacin lafiya ne, na daɗe ina raka ɗalibai da iyalai zuwa wuraren iyo, kuma ina koyar da taimakon gaggawa ga wanda ruwa ya ci, saboda haka zan amsa maka da abin da na karanta da kuma abin da idona ya gani. Idan ka ce in zaɓa maka, da irin iyalin da ka lissafa, Wikki zan zaɓa, domin shi ne wurin da kowa daga cikinku zai iya shiga ruwan, tun daga auta har zuwa Hajiya, alhali a wurin wasan ruwa na zamani mutum biyu ne kawai za su more kuɗin da ka biya, wato kai da babbar 'yarka. Sai dai zaɓen wuri shi ne ƙaramin ɓangare na amsar. Babban ɓangaren shi ne yadda za ku raba aikin sa ido a kan yaran, kuma a kansa zan fi tsayawa.

Yankari gandun daji ne a ƙaramar hukumar Alkaleri ta jihar Bauchi, girmansa ya kai murabba'in kilomita 2,244. An keɓe shi a 1956, aka buɗe shi ga masu ziyara a 1962, Gwamnatin Tarayya ta karɓe shi a 1991, sannan ya koma hannun jihar Bauchi a 2006. Daga garin Bauchi za ka kama hanyar Gombe har zuwa Dindima, ka karya dama zuwa Mainamaji inda babbar ƙofar take, daga nan kuma akwai sauran tafiyar kilomita arba'in da 'yan kai a cikin dajin kafin ka isa sansanin Wikki. Jimillar tafiyar daga Bauchi ta ɗan haura kilomita 100, don haka ka ba ta awa biyu. Tunda daga Kano za ku taso da mai ciki da dattijuwa, shawarata ku kwana a Bauchi, ku shiga dajin da hantsi, kada ku haɗa tafiyar biyu a rana ɗaya. Ka kira ofishin gandun kafin ku taso domin kama ɗaki da jin farashi da halin da hanya take ciki, ka riƙe tsabar kuɗi a aljihu, kuma duk tafiyarku ta kasance da rana.

Ruwan Wikki yana ɓuɓɓugowa ne daga ƙarƙashin wani tsaunin dutsen yashi, ya kwanta garau a kan farin rairayi, faɗinsa kamar mita 13, zurfinsa a wajen bakin dutsen ya kusa mita 2, yana raguwa yayin da ake gangarawa. Kimanin lita miliyan 21 yake fitarwa kowace rana zuwa kogin Gaji, kuma ɗuminsa digiri 31 ne dare da rana, rani da damina. Dalilin ɗumin ba ɓoyayye ba ne: ruwan sama ne yake tsattsafawa ta cikin dutsen yashi zuwa can ƙasa, inda zafi yake ƙaruwa da kamar digiri 25 zuwa 30 a kowace kilomita ta zurfi, sannan ya sami tsaga ya dawo sama kafin ya huce. Wannan adadi na 31 yana da muhimmanci ga duk abin da zan faɗa a gaba, domin zafin jikin ɗan Adam 37 ne, ke nan ruwan Wikki bai kai jiki zafi ba. Ba ya cikin sahun maɓuɓɓugai masu ƙuna irin ta Tafadek da ke arewacin Agadas a Nijar, inda mutane suke zuwa neman sauƙin ciwon gaɓoɓi, ko bahon ruwan zafi na otal-otal da ake kai wa digiri 38 zuwa 40. Waɗancan su ne ake hana wa masu ciki da yara 'yan ƙasa da shekara biyar. Na Wikki ruwa ne mai laushi da jiki yake sakewa a cikinsa, kuma wannan laushin ne nake tsoro, saboda yana sa iyaye su sake su ma.

Yawancinmu muna zaton yaron da ruwa zai ci yana ihu, yana ɗaga hannu, yana bugun ruwa har kowa ya waiwaya. Ba haka yake faruwa ba. Bakinsa yana nutsewa yana tasowa, ɗan lokacin da ya taso bai ishe shi ya ja numfashi ba balle ya yi kira, hannayensa suna danna ruwan ƙasa don neman ɗaga kai, idanunsa a buɗe, kuma wanda yake kallonsa daga gefe zai iya ɗauka wasa yake yi. Ƙaramin yaro yakan ɓace ƙarƙashin ruwa cikin ƙasa da minti ɗaya, ƙwaƙwalwa kuma tana fara lalacewa bayan minti huɗu zuwa shida babu iska. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum kusan 300,000 ne suka mutu ta hanyar nutsewa a 2021, kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu yara ne da ba su kai shekara biyar ba, wato sa'o'in autanka. Na taɓa tsamo yaro ɗan shekara huɗu a wurin iyo na wani otal, a ruwan da bai wuce ƙugun babba ba, manya shida na gidansu suna zaune a bakin ruwan suna hira, kowannensu yana ganin ai ɗayan yana duba shi. Allah ya yi da sauran kwanansa, amma har yau ban manta da fuskar mahaifiyarsa ba, kuma tun daga ranar ban ƙara yarda da kalmar "muna kallonsu" ba.

Abin da nake so ka tsara tun kafin ku bar gida shi ne mutum ɗaya tak ya zama mai tsaro a kowane lokaci, kowa ya san shi ne, shi ma ya san shi ne. Mai tsaro ba ya riƙe waya, ba ya ɗaukar hoto, ba ya hira, ba ya cin abinci, kuma bayan minti goma sha biyar ko ashirin sai ya miƙa aikin ga wani, domin ido yana gajiya ko da zuciya ba ta gaji ba. Miƙawar ta kasance da baki da kuma wata alama da ake gani, kamar hula ko jan tawul da zai ɗora a kafaɗa, ya ce "na ba ka", ɗayan ya amsa "na karɓa". Game da auta, kallo daga bakin ruwa bai wadatar ba, dole babba ya kasance a cikin ruwan tare da shi, kusa da yadda in ya miƙa hannu zai kama shi. A nan ne nake roƙonka ka saɓa wa wata al'adarmu mai kyau. A gida mukan ce wa babbar ya "riƙe ƙanenki", kuma tarbiyya ce da nake alfahari da ita, amma a bakin ruwa yarinya 'yar shekara 12 yarinya ce da ita ma ake tsaro, hankalinta yana kan wasa, kuma idan wani abu ya faru za a ɗora mata nauyin da za ta yi ta ɗauka har ƙarshen rayuwarta. Idan ka ƙirga manyan da ke cikin tafiyar za ka ga kai kaɗai ne mai cikakken ƙarfin shiga ruwa da sauri, don haka ka tafi da ƙanenka ko ƙanwar maiɗakinka, wanda ya iya ruwa, ko da hakan zai ƙara maka kuɗin ɗaki ɗaya. Idan ba a samu ba, yaran su shiga ɗaya bayan ɗaya, sauran suna zaune kusa da mahaifiyarsu nesa da baki.

Ka sayi rigar hana nutsewa ta gaskiya, mai ɗamara da maɗauri da ke bi ta tsakanin cinyoyi, daidai da nauyin kowane yaro, ka gwada ta a gida: in ka kama kafaɗun rigar ka ɗaga ta zame har ta rufe masa haɓa da kunnuwa, ta yi masa yawa. Balan-balan ɗin da ake hurawa a sa a damtse, da tub ɗin taya, da agwagwar roba, duk kayan wasa ne, suna sacewa, suna kifewa, kuma babban laifinsu shi ne suna ba yaro ƙarfin halin zuwa inda ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa. A Wikki ku zauna can gangare inda ruwan bai da zurfi, ku bar wa gwanaye wajen bakin dutsen. Tsabtar ruwan tana ruɗin ido, domin rairayin da kake gani kamar za ka taɓa shi da hannu yana iya kasancewa a zurfin da ya fi tsayinka, saboda haka ka fara shiga kai kaɗai ka auna da jikinka kafin ka kira kowa. Ruwa ne kuma mai gudu, ko da a hankali, yana iya jan ƙaramin yaro daga inda ka ajiye shi. Kada kowa ya yi tsalle ya faɗa da ka.

Mai sikila ita ce ta biyu da na fi damuwa da ita, kuma abokan gabarta uku ne a irin wannan tafiya: sanyi, ƙishirwa da gajiya, domin kowannensu yana iya tayar da ciwon. Za ka ce ai ruwan da ɗumi, to amma ruwa yana zuƙe zafin jiki fiye da iska sau ashirin da wani abu, kuma tunda bai kai 37 ba, yaron da ya daɗe a ciki sanyi yake ji ko bai faɗa ba. Mafi hatsari shi ne lokacin fitowa, musamman da hunturu, sa'ad da busasshiyar iska ta bugi jiƙaƙƙen jiki, jijiyoyin jini suka tsuke. Kada ka hana ta shiga, domin yaran nan sun gaji da jin "ke ba ki da lafiya", kuma motsi a ruwan ɗumi yana da daɗi ga gaɓoɓinsu. Ta yi minti goma sha biyar zuwa ashirin, a tare ta da babban tawul tun ƙafarta ba ta gama fita ba, a cire jiƙaƙƙun kayan nan take, a sa mata busassu da rigar sanyi, a ba ta shayi ko kunu mai ɗumi daga fulas. Ta riƙa shan ruwa tun a mota, kafin ta ce tana jin ƙishi. Ku je wurin likitanta mako guda kafin tafiyar, ku tafi da magungunanta na kullum da na rage zafin ciwo da katin asibitinta, kuma ka sani cewa asibitin koyarwa da ya fi kusa, wato na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa, yana cikin Bauchi ne, tafiyar awa biyu. Zazzaɓi, ko ciwon ƙirji, ko numfashi sama-sama, ko farin ido da tafin hannu fiye da yadda aka saba, duk ba abin jira a ga wayewar gari ba ne.

Maiɗakinka za ta iya shiga, in dai likitarta ba ta hana ba kuma babu zubar jini ko ta ruwa. Abin da ake gudu ga mai ciki shi ne zafin jikinta ya kai digiri 39, musamman a watanni ukun farko da ake halittar ƙwaƙwalwa da lakar jariri, ruwan 31 kuwa ba zai kai ta can ba, har ma zai sauke mata nauyin baya. Inda za a kula da ita shi ne matakalar da ake sauka daga sansani zuwa maɓuɓɓugar, mai tsawo ce kuma jiƙaƙƙun ƙafafu suna bin ta duk yini, sai kuma motar zagayen ganin namun daji da ke girgiza a kan hanyar da ba kwalta, wadda ni zan so ta haƙura da ita. Sauro ma ya fi mata illa fiye da kowa, don haka gidan sauro da man shafawa su shiga jaka tun farko. Akwai kuma ƙudan tsando a dajin, wanda shuɗi da baƙin tufafi suke jawowa, saboda haka masu fita zagaye su sa kaya masu haske da dogon hannu.

Batun sutura yana damun mata da yawa har su ƙi shiga ruwan, wasu kuma su shiga da abin da zai iya halaka su. Zani da doguwar riga mai faɗi da dogon hijabi suna shan ruwa su yi nauyi, su naɗe ƙafafu, su tashi su rufe fuska. Abin da ya fi shi ne dogon wando mara nauyi mai roba a idon sawu, da riga mai dogon hannu da ta sauko zuwa cinya, da ƙaramar hular kai da ta kama sosai, sannan a ajiye babban hijabi a bakin ruwa a zura da an fito. Wannan ya rufe jiki, bai kuma ɗaure mai shi ba. Idan kunya ce damuwar, a zaɓi tsakiyar mako da lokacin da jama'a suka tafi zagaye, wurin yakan yi shiru.

Hajiya kuwa ina so ka gaya mata gaskiya cikin ladabi. Za ta ji sauƙi, wannan ba shakka, domin wanda ya shiga ruwa zuwa ƙugu kusan rabin nauyinsa kawai gwiwoyinsa suke ɗauka, in ya kai ƙirji kamar kashi ɗaya cikin uku, ɗumin kuma yana sassauta tsokar da ta ɗaure. Shi ya sa asibitoci suke amfani da ruwan ɗumi wajen gashin ƙashi. Sai dai gurunguntsin gwiwa da ya cinye ba ya dawowa saboda wanka, kuma hawan jini ba ya warkewa da shi, don haka kada ta ajiye ƙwayoyinta ko na kwana ɗaya. Ta riƙa tafiya a hankali a ruwan da ya kai mata ƙugu, wani yana riƙe da hannunta, minti goma zuwa ashirin, in za ta fita ta fara zama a baki na ɗan lokaci kafin ta miƙe, saboda ɗumi yana buɗe jijiyoyi, maganin hawan jini ma haka, in suka haɗu jiri yana iya ɗibar ta. Matakalar nan ita ce jarrabawarta ta gaske, saboda haka sau ɗaya a rana ya ishe ta, tana hutawa a hanya, da takalmi mai kama ƙasa. Na san wasu sukan cika jarka su tafi da ruwan gida don sha da niyyar waraka. Ruwan da jama'a suke wanka a cikinsa, birai suke sha a gefensa, ba na sha ba ne komai haskensa.

Tunda na ambaci birai, gwaggon biri ya saba da mutane a sansanin Wikki, ya san leda, ya san kula, yana iya shiga ɗaki ko mota in aka bar su a buɗe, kuma ya fi raina yara da mata. Kada yaro ya yi yawo da abinci a hannu, kada a ba su komai, in kuma ya fizge abu a bar masa. Cizo ko yaƙushinsa sai an wanke da sabulu da ruwa mai gudu na minti goma sha biyar, a tafi asibiti a ranar saboda allurar rigakafin ciwon haukan kare. Gadu ma yana kiwo a tsakanin ɗakuna, a ba shi hanya. Iyo kuma a maɓuɓɓugar kaɗai ake yi, domin kogin Gaji gidan kada ne da dorina.

Game da lokaci, namun daji sun fi ganuwa daga ƙarshen Disamba zuwa Afrilu, sa'ad da ciyawa ta bushe, giwaye da ɓauna da gwanki suke taruwa a bakin kogi. Hutun Disamba yana zuwa da iskar hunturu da cunkoson Kirsimeti da sabuwar shekara, kuma in dambu ya yi yawa ba ya jin mai, ido ba ya iya bin yaro ɗaya a cikin kawuna ɗari. Saboda mai sikila, na fi son hutun da ke zuwa wajen Afrilu, a shiga ruwa da safe da kuma bayan la'asar, a yi ta shan ruwa, a fake wa ranar tsaka. In Disamba ce kaɗai ta samu, to a shiga tsakanin ƙarfe sha ɗaya da uku, sa'ad da iska ta yi ɗumi. Da damina, da zarar an ji tsawa kowa ya fita, kada a koma sai an yi rabin awa ba a ƙara jin ta ba.

Idan daga baya ka kai manyan yaran wurin wasan ruwa na zamani, ka san cewa hatsarinsa daban ne. Ruwan Wikki yana sabunta kansa kowane lokaci, na can kuwa ruwa ɗaya ne yake zagayawa, lafiyarsa ta dogara ga injin tacewa da sinadarin kulorin da kuma amanar masu wurin. Ka tsaya a baki ka duba: in ba ka ganin tayil ɗin ƙasa a wuri mafi zurfi, kada kowa ya shiga, domin ruwan da ya ɓoye tayil zai ɓoye yaro. Ƙarfin warin kulorin da ke sa ido ja ba alamar tsabta ba ce, alama ce ta cewa sinadarin ya haɗu da fitsari da gumi masu yawa. Akwai ƙwayar cutar gudawa da take rayuwa fiye da mako guda a ruwan da aka sa wa kulorin daidai ƙa'ida, don haka yaron da yake gudawa ba ya shiga, kuma a riƙa kai ƙanana banɗaki kowace awa. Ka nemi jami'an ceto da idonka, ka ga ko ruwan suke kallo ko waya. Magangarun zamiya suna da iyakar tsayi, galibi wajen santimita 120 ga manyan, kuma roƙon ma'aikaci ya ɗaga wa yaro ƙafa ba gata ba ne. Ana sauka ɗaya bayan ɗaya, ƙafa a gaba, a bar wurin faɗawa da sauri. Mai ciki da mai hawan jini ba sa hawa. A ɗaure dogon gashi da duk abin da ke lilo, saboda ramin da injin yake zuƙar ruwa ta cikinsa yana iya kama su, kuma wurin da ake tayar da igiyar ruwa ya fi ko'ina buƙatar rigar hana nutsewa. Ruwan irin waɗannan wurare sau da yawa ba a ɗumama shi, wanda hakan ya sa bai kai Wikki dacewa da mai sikila ba.

Ina fata ba za ka buƙaci wannan ba, amma ka haddace shi, ka koya wa maiɗakinka. Idan wanda bai iya ruwa ba ya ga wani yana nutsewa, ya yi ihu, ya miƙa sanda ko zani, ko ya jefa jarkar da ba komai a ciki mai murfi, kada ya faɗa, domin mai nutsewa yana danne duk wanda ya kama. In an fito da yaro ba ya numfashi, a kwantar da shi rigingine a ƙasa mai tauri, a ɗaga haɓarsa, a toshe hancinsa, a hura masa iska a baki sau biyar ana ganin ƙirjinsa yana tashi, sannan a danna tsakiyar ƙirji sau 30 da sauri, kamar sau biyu a daƙiƙa, a hura sau biyu, a ci gaba da haka ba tsayawa yayin da wani yake neman mota. Abin da aka saba yi na danna ciki ko riƙe yaro ta ƙafa kai a ƙasa don ruwa ya fita ɓata lokaci ne, yana kuma jawo amai ya shiga huhu. Iska yake buƙata. In ya farfaɗo a juya shi gefe, a lulluɓe shi, kuma a kai shi asibiti ko da ya tashi yana magana, saboda huhun da ruwa ya shiga yana iya rikicewa bayan wasu awanni.

Bayan kun dawo Kano, ka sa ido na wasu makonni. Ciwon kunne da ƙaiƙayi bayan iyo abu ne da aka saba gani, ana rage shi ta hanyar karkata kai ruwan ya fita da goge bakin kunnen da tawul, ba tare da tura tsinken auduga ba. Zazzaɓi a cikin mako ɗaya zuwa huɗu yana buƙatar gwajin maleriya a ranar, musamman ga maiɗakinka da mai sikila. Jini a ƙarshen fitsari bayan wata ɗaya zuwa uku alamar tsargiya ce, wadda ake ɗauka a ruwan tafki da rafi inda dodon koɗi yake, kuma maganinta yana nan a asibiti. Akwai kuma wata ƙwayar cuta da take rayuwa a ruwan ɗumi na tafkuna da maɓuɓɓugai a sassan duniya, tana shiga ta hanci zuwa ƙwaƙwalwa. Kamuwa da ita abu ne mai wuyar faruwa ƙwarai, amma tana kisa da sauri, shi ya sa nake hana yara tsalle da nutsa kai da tona rairayin ƙasa a kowane ruwan ɗumi na daji, masu son nutso kuma su toshe hanci. In wani ya kamu da matsanancin ciwon kai da zazzaɓi da amai da sanƙarewar wuya cikin kwana goma sha biyu da dawowa, a kai shi asibiti a daren, kuma ka faɗa wa likita da bakinka ranar da ya shiga ruwa da irin ruwan da ya shiga, ko bai tambaya ba.